Hutun da Kofur Ya Bayar

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga ofishin bariki ƙafafuna a kumbure, ba don tafiya ba, don zaman benci. Yau aka kafe sunayen da za a sassaƙa a sabon bangon tunawa da sojojin da suka rasu a bakin aiki. Na bi su da yatsa daga sama zuwa ƙasa, na sake hawowa daga ƙasa zuwa sama. Wata mata a bayana ta ce, "Baiwar Allah, in kin gani ki matsa mana." Ban gani ba, amma na matsa.

Babu Kofur.

Kofur nake ce wa mijina tun ranar da aka ɗinka masa igiya biyu a hannun riga. Da tsokana na fara, sunan ya bi shi, har mahaifiyarsa ta ɗauka. Direba ne. Wata tara ke nan, motarsa ce a gaban ayari. Iyakar abin da zan rubuta game da ranar ke nan.

Manjon da ke kula da sunayen ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa. Na tsani a ba ni ruwa a ofis. Ni ma haka nake yi wa mutane a asibitinmu kafin in gaya musu abin da ba sa son ji.

Ya ce, "Sista, bangon nan na wanda ya rasu yana kan aiki ne. A wurinmu, mijinki yana hutu ranar. An sa masa hannu, ya kamata a ce yana gida wajenki. Abin da ya kai shi cikin motar nan, har yau ba wanda ya zo ya gaya mana."

Na ce, "Yallaɓai, a kan sitiyarin motarku yake yin hutun?"

Bai ji haushi ba. Ya ce shi ma abin na damunsa, amma sai wani daga rundunarsu ya tsaya ya ce ga wanda ya tura shi, ko ga wanda ya tsaya wa. Kwamiti zai rufe karɓar bayani ƙarshen wata, daga nan sai masu sassaƙa. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ba ki san komai ba?"

Na ce zan yi tunani.

Talata, da safe

Inna, mahaifiyar Kofur, ta tare ni tun ban ajiye buta ba. "'Yar nan, an gani?" Na ce ba a gama kafewa ba. Ta ce ai aikin hukuma sai haƙuri.

Ta riga ta sayi yadin da za ta sa ranar buɗe bangon, ta kai wa tela. Ba ta karatu, idon ma ya yi rauni, amma ta ce in an kai ta za ta shafa, hannunta ba ya buƙatar makaranta. A rufe cikin akwati aka kawo mana ɗanta, aka ce kada a buɗe. Tun daga nan take neman abin da za ta taɓa.

Laraba, bayan magariba

Bari in rubuta, tun da ba wanda zai karanta.

Na sani. Na san abin da ya kai shi motar.

Na yi wa ɗaki fenti saboda zuwansa, na roƙi babbar sista ta sauya mini ranakun aiki, na hana 'yarmu, 'Yar Baba, taɓa sabon zanen gado. Ana gobe zai taso ya kira ni yana dariya, irin dariyar da yake yi in ya san ya yi laifi. Ya ce, "Sista, ki yi haƙuri. Matar Dogo jininta ya hau, an kwantar da ita, ba kowa nata a garin. Na ba shi hutuna, ni na karɓi motarsa. Saje ya sani."

Haka direbobin ke yi a tsakaninsu. In ka bi ta ofis neman a sauya maka hutu, kafin a amsa an yaye yaron da kake gudun zuwa haihuwarsa. Sai ɗaya ya miƙa wa ɗaya makulli, Saje ya kau da kai, wanda ya tafi ya dawo ya rama wa ɗan'uwansa. Sun daɗe suna yi, ba a taɓa samun matsala ba. Kofur ya ce kwana kaɗan ne, zai zo mini da ninki biyu.

Abin da na ce masa kafin in kashe wayar ba na littafi ba ne.

Saje na cikin motar, shi ma bai dawo ba. Sunansa na nan a jerin, na gani da idona. Dogo kuwa ya koma sansani washegari a cikin ruɗani, ba wanda ya tambaye shi daga ina. Sauran direbobin sun sani, kuma ko za a yanka su ba za su faɗa ba. Saura ni da shi. In ya buɗe baki, ya zama sojan da ya bar bakin aiki ba izini a lokacin fama. Ko ni da ban taɓa sa kaki ba na san inda wannan ke kai mutum.

Alhamis, da rana

Na kira Dogo. Bai ɗauka ba.

Juma'a, da yamma

Bai ɗauka ba. Amma buhun shinkafar da yake aikowa ya iso, kamar kowane wata. Inna ta yi ta sa masa albarka, wai abokin kirki sai an tona. Na ja buhun na kai bayan ƙofa inda ba zan riƙa ganinsa ba. Da shi muka yi abincin dare, kuma na ci.

Asabar, da hantsi

'Yar Baba ta ƙi karyawa. Ina yi mata tsifa ta ce, "Mama, me ya sa ba a zaɓe ni ba?" Ashe a makarantar bariki an fitar da yaran da sunan iyayensu ke bango, ana koya musu yadda za su yi tafiya su ajiye furanni. Ita an bar ta a aji tana leƙe ta taga. Wata 'yar ajinsu ta ce mata ai babanta gudu ya yi, a hanyar gudun abin ya same shi.

Na ja gashin fiye da kima, ta ce wayyo. Na ce mata babanta bai taɓa gudu ba, ko ruwan sama ba ya sa shi sauri, har faɗa nake masa. Ta yi dariya. Shekararta bakwai, dariya ta ishe ta yau. Ba za ta ishe ta ba in ta kai sha biyar, ta je bangon da ƙafarta ta nemi sunan.

Yarinyar da ta faɗi maganar ba ita ta ƙirƙira ba. A bakin uwarta ta ji, uwar kuma ta zo mini gaisuwa har da kuka.

Litinin, bayan azahar

Dogo ya zo da kansa, asibiti. Na fito wanke hannu na gan shi a gindin famfo, ya rage tsawo kamar wanda aka ɗora wa kaya. Dogo da sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu.

"Anti, na ga kiranki."

"Ka gani ka ƙi ɗauka."

"Ban san abin da zan ce ba."

Na ce ni zan koya masa, ba wuya. Ya je wajen Manjo ya ce: ni ne a jadawali, shi ya tsaya mini. Shi ke nan. Ya yi tsuru-tsuru yana murza hula. Ya ce ba daren da ba ya shirya zuwa, gari na wayewa ya ga jaririyarsu ta kama yatsansa sai ya fasa. Ya ce in an kore shi ba shi da sana'a sai tuƙi, ba shi da ɗaki sai na kwatas, matarsa har yanzu tana kan magani.

Na ce, "Ni kuma ina da miji sai wanda ka ara?"

Na ce ranar Alhamis zan koma ofis, in bai riga ni ba ni zan faɗi sunansa. Na juya na koma ciki na ci gaba da naɗe auduga. Babbar sista ta dube ni ta ce lafiya, na ce yunwa ce.

Ban yi nadama ba. Na rubuta don in karanta gobe in ga ko har yanzu gaskiya ne.

Talata, da safe

Gaskiya ne.

Laraba, da yamma

Ranar rigakafi. Layi har bakin titi, fanka ɗaya ce ke aiki, akwatin sanyi kuma sai an danne murfinsa da gwiwa. Ni ke kan sikeli da allurar ƙyanda. Ina karɓar kati ba na ɗaga kai, sai na ji an ce, "Anti, ina kwana?"

Matar Dogo ce. Ta tsallake asibitin bariki ta zo namu, wai hannuna ya fi sanyi. Ta kwance goyo ta miƙo mini.

Mace ce. Ko namiji ba su haifa ba balle a sa masa sunan Kofur in ce an rage mini wani abu. Allurar ƙyanda a wata tara ake yi, ba sai na duba kati ba. Na san watannin yarinyar nan fiye da uwarta, don da su nake ƙirga nawa.

Na ɗora ta a sikeli. Ta yi nauyi, tubarkalla, cinyoyi duk guraye. Haƙora biyu a ƙasa. Ta kama igiyar katin aikina tana ja tana kai wa baki. Uwar na ta surutu: wai da mijinta bai zo ranar ba da ba ta tashi ba, shi ya ga jijjiga ta kama ta a gado ya yi ta ihu har likita ya zo. Wai Allah ya saka wa ogansu da ya ba shi hutu. Ogansu! Ashe ita ma bai gaya mata ba.

Na san jijjigar nan. Na ga matan da ta kama ba kowa a kansu, na san yadda ake fitar da su.

Na goge hannun yarinyar, na soka. Ta buɗe baki ta tsala kuka, na rungume ta ina jijjigawa fiye da yadda nake yi wa sauran, har ta bayan layi ta ce, "Sista, mu ma da namu fa." Na mayar wa uwar. Na rubuta nauyin a kati da kyau, layin yana hawa yadda ake so.

Da na dawo gida ban iya cin komai ba. Ina jin haushin jaririya. Allah ya gani, ina jin haushinta, kuma ƙamshinta bai bar rigata ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je. Dogo bai riga ni ba.

A benci na zauna kusa da wani dattijo mai sanda. Ɗansa an harbe shi a ciki, ya yi jinya, aka sallame shi daga aiki saboda raunin, bayan mako biyu ya cika a gida. An ce ranar da ya rasu ba soja ba ne. Dattijon ya ce, "'Yata, harsashin bai san an sallame shi ba." A ɗaya gefen wata mata ce, nata mijin zazzaɓi ya kashe shi a sansani, kuma sunansa ya shiga. Ta zo gyaran harafi ne kawai, amma ta kasa haɗa ido da mu kamar ita ta ƙwace mana.

Da na shiga na tambayi Manjo, wa ya zauna ya raba matattu haka? Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Sista, in aka ce kowa, bangon ya zama maƙabarta, waɗanda aka gina shi dominsu su ɓace a ciki. Dole a ja layi a wani wuri. Kuma duk inda na ja, in na ɗaga kai sai in ga uwar wani a tsaye a bayan layin. Shekara uku ina wannan aikin, ban taɓa komawa gida na ce yau na yi daidai ba."

Na ce, a misali, in wani ya ba wani hutunsa fa? A misali.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce a misali, wanda ya tsaya ya rasu a bakin aiki, sunansa zai hau. Wanda aka tsaya wa kuma zai fuskanci kotun soja. Mafi sauƙi kora, ba sallama ba komai, a karɓi ɗakin kwatas. Mafi tsanani bai faɗa ba. Ya ɗauki biro ya riƙe a kan takarda ya ce, "Akwai suna a misalin nan?"

Sunan na kan harshena. Na ji nauyinsa. Na ce, "Yallaɓai, ruwan nan da kake bayarwa, akwai saura?"

Na sha na fito.

Juma'a, da safe

Ban faɗa ba. Ban san ko tausayi ne ko tsoro ba.

Lahadi, bayan azahar

Na wuni ina wanki ina faɗa da Kofur a zuci. Kai da ka ba da hutun, ka tambaye ni? Nawa ne rabi. Ka ɗauki abin mutum biyu ka yi kyauta da shi kana dariya.

Amma ina shanya sai na ga abin a fili. Ya bayar ne don matar nan ta rayu, yarinyar nan ta sami uba a kanta. Ya biya, an gama ciniki. In na je na faɗi sunan, na bi bayansa na karɓe kyautar daga hannun waɗanda ya ba. Na san shi. Da zai leƙo, cewa zai yi, "Sista, dutse ne fa. Saboda dutse za ki fitar da jaririya titi?"

To Inna fa? To 'Yar Baba fa, da taga?

Na haƙura. Zan kira Dogo in ce ya kwantar da hankalinsa, ba zan faɗa ba, shi ma kada ya faɗa. Zan nemi abin da zan gaya wa Inna.

Litinin, da yamma

Ban kira shi ba. Aiki ya yi yawa.

Talata, da yamma

Tela ya kawo ɗinkin Inna. Ta sa ta fito tsakar gida tana juyawa, 'Yar Baba na tafi. Ta ce, "Ya yi ko? Kada in je in ba Kofur kunya a gaban manyansa."

Ban kira shi ba. Gobe.

Laraba, da hantsi

Ban je aiki ba. Bari in rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

Na fito da jaka zan tafi na sami Dogo a ƙofar gida. Cikakken kaki, an goge shi har yana tsayawa da kansa, takalmi na ƙyalli. Ya yi aski. Ya ce, "Anti, zan je wajen Manjo. Na ce in fara biyowa ki sani." Ya ce jiya ya gaya wa matarsa komai, ta yi kuka, ta ce ya tuna da yarinya. Ya ce ya tuna, shi ya sa. Ba ya son ta girma a ɗakin da aka biya da sunan wani.

Maganar da na shirya tun Lahadi tana bakina. Kalma uku ce: kada ka je. Ya tsaya kaɗan, ina ganin jira yake ko zan ce wani abu. Mai sayar da ruwa ya wuce da kurarsa. Na ji muryar Inna a ciki tana kiran 'Yar Baba ta zo ta ɗaura mata takalmi.

Na ce, "Allah ya tsare."

Ya sa hula ya tafi. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Da na ɗaga murya zai ji. Ban ɗaga ba. Ina son sunan. Duk haƙurin da na rubuta ranar Lahadi da gaske nake, kuma ina son sunan.

Alhamis, da rana

Dogo yana gadirum, sojoji sun tsare shi.

Asabar, bayan magariba

Manjo ya kira. Kwamiti ya amince. Ya ce masu sassaƙa sun riga sun tsara layuka, don haka a ƙarshe za a ƙara shi, ba a inda harafinsa ya faɗa ba. Ya ce, "Sista, ina taya ki murna," da muryar da ba ta murna ba.

Na gaya wa Inna an gama kafewa, an gani. Ta yi sujada a kan tabarma. 'Yar Baba za ta fara koyon tafiyar furanni ranar Litinin.

Na sami abin da nake nema, na rasa inda zan ajiye shi.

Talata, da yamma

Na kwana biyu ban taɓa littafin nan ba, ba abin rubutawa sai jira. Yau an yanke: kora. Ba ɗauri, saboda shi ya kai kansa, kuma Manjo ya yi magana. An ba su mako guda su bar kwatas.

Juma'a, bayan la'asar

Dogo ya zo wajen Inna, da riga da wando na gida. Ban taɓa lura wuyansa siriri ne haka ba sai da babu kwalar kaki. Ya durƙusa a bakin tabarma ya faɗa mata duka, tun daga makullin mota. Ni ina kicin, wuƙa a hannu, albasa ɗaya na yi ta yankawa.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Watau ɗana yana hanyar zuwa wajena ka tare shi."

Ya ce, "Eh, Inna."

"Shinkafar nan da nake sa maka albarka, ta wannan ce?"

Ta juya fuska bango. Ya daɗe a durƙushe, har na fito na ce ya tashi ya tafi. Bayan fitarsa ta ce, "Ke ma kin sani." Ba tambaya ba ce. Na ce eh. Ba ta ci abincin dare ba, ta sa 'Yar Baba ta ja sauran buhun zuwa gidan maƙwabta.

Litinin, da rana

Na bi ta ƙofar bariki da gangan. Ana loda kayansu a wata ƙaramar mota: katifa, bokitai, gadon yarinya a kife a sama. Matar na tsaye da goyo. Na yi sallama, ta dube ni ta ɗauke kai. Na ce allurar da ta rage wa yarinya kada ta bari ta wuce. Ta ce, "Akwai asibiti a inda za mu." Ba ta ce Anti ba.

Ba ta yi laifi ba. Da ni ce, da na yi fiye da haka.

Laraba, da safe

Inna har yanzu ba ta ambace shi ba. Ta ambaci kowa, har mai ruwa. Ni kuma ta koma yi mini magana, amma ta gefen baki.

Asabar, da yamma

An buɗe bangon.

An fara shigar da iyalai tun kafin manya su iso, kowa da katin gayyata. Baƙin dutse ne, ya fi ni tsawo, rana na faɗa masa yana ɗaukar ido. Na ja hannun Inna har ƙarshen layi. Nasa ne na can ƙasa, kusa da siminti, sai da ta durƙusa da sabon ɗinkinta. Na ɗora yatsanta a harafin farko. Ta bi su ɗaya-ɗaya har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Gefen haruffan da kaifi, ba a gama goge su ba kamar na sauran. Ta ce, "Ashe gajere ne." Ta daɗe a nan, ba wanda ya ce ta matsa.

Aka zaunar da mu a rumfa. Manya suka iso, aka yi jawabai, yara suka ajiye furanni. 'Yar Baba ta yi tafiyarta ba kuskure, ta dawo ta faɗa jikina tana haki. Aka fara karanta sunaye ta lasifika. Can ta taɓa kakarta ta ce, "Inna, ga Kawu Dogo can a waje, an hana shi shiga."

Na riga na gan shi tun da safe. Yana bayan shingen ƙarfe da masu kallo, ya fi kowa tsawo. Ba shi da kati, ba shi da kaki, masu gadin ƙofar kuma yaran da ya koya wa tuƙi ne, sai kallon ƙasa suke.

Inna ta ce, "Je ki ce a bar shi." Na je. Mai gadi ya ce, "Anti, wallahi ba zan iya ba, umarni ne." Na dawo na gaya mata. Ta laluba takalminta da ƙafa, ta miƙe ta ce, "Kama ni."

Na ce, "Inna, ba a zo kan nasa ba. Shi ne na ƙarshe."

Ta ce, "Lasifika ce. Ana ji a waje."

Muka ratsa ta gaban kujerun manya, tana jan ƙafa, kowa na kallo. Mai gadi ya ce in mun fita ba dawowa. Ta ce ta ji. Ta je ta tsaya a gefen Dogo, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ba ta gaishe shi ba. Muka tsaya a rana, ni da ita da shi da 'Yar Baba, ana ta kiran 'ya'yan mutane. Na ji sunan Saje ya wuce. Ƙafafuna suka fara ciwo, Inna ko motsi ba ta yi ba.

Sai aka kira shi. Cikakken sunansa, da igiyarsa biyu, a bakin aiki.

Hannun Dogo ya tashi da kansa zai sara. Ya tsaya a rabi. Ya tuna ba hula a kansa, ba shi da wannan ikon kuma, hannun ya fara saukowa.

Inna ta sa tafinta a ƙarƙashin gwiwar hannunsa ta tura sama har yatsunsa suka kai goshi. Ta ce, "Tsaya da kyau. Ɗana ake kira."

Ta riƙe masa shi a nan har mai busa ƙahon soja ya yi shiru.